Shiru Ma Magana Ce: Faramitocin Ganin Dama a Metod na Aji

Ga wani layi na Python da duk mai rubuta manhajar da ke hulɗa da intanet ya sha rubutawa:

```python
amsa = manzo.get("https://example.com/farashi")
```

In daga ajin `Session` na laburaren requests aka ƙera `manzo` (aji shi ne tsarin da ake ƙera abubuwa daga gare shi), kuma sabar da ake nema, wato kwamfutar da ke amsa kira ta intanet, ta karɓi kiran ta yi gum, layin nan zai iya tsayawa yana jira har illa ma sha Allahu. In kuwa daga ajin `Client` na laburaren httpx ne, da an yi daƙiƙa 5 ba motsi sai ya haƙura ya jefo kuskure. Wanda ya rubuta layin bai ce uffan ba game da tsawon jira, amma an riga an yanke masa. Akwai wata faramita mai suna `timeout` da ba dole ba ne ya cike ta. Masu requests sun ajiye mata `None`, wato jira mara iyaka, masu httpx kuma suka ajiye daƙiƙa 5. Takardun bayanin requests da kansu suna gargaɗin cewa kusan duk manhajar da za ta shiga aiki na gaske ta riƙa cike wannan gurbi da hannu, wanda kusan amincewa ne cewa abin da aka ajiye ba shi ne mafi alheri ba.

Wannan ita ce faramitar ganin dama: gurbi a cikin metod, wato fankishan da ke cikin aji, wanda mai kira zai iya cikewa ko ya tsallake, in ya tsallake a zuba ƙimar tanadi da marubucin ajin ya ajiye. Ana koyar da ita tun a darussan farko a matsayin dabarar rage yawan rubutu, shi ya sa mutane da yawa ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Ni kuwa ina ganin ta fi haka nauyi. Duk ƙimar tanadin da ka rubuta shawara ce ka yanke a madadin mutumin da ba ya wurin, wanda wataƙila bai ma san gurbin yana nan ba, kuma zai gina aikinsa a kan shawarar taka shekara da shekaru.

Amfaninta dai ba abin musu ba ne. Har zuwa 2010 harshen C# na Microsoft ba shi da ita, kuma masu sarrafa Word daga C# sun ɗanɗana kuɗarsu. Metod ɗin `SaveAs` na takardar Word yana da faramitoci sama da goma. Ko da sunan fayil kaɗai kake son bayarwa, sai ka jera `Type.Missing` a sauran guraben ɗaya bayan ɗaya, layi ya yi ta tsawo ba gaira ba dalili. Bugu na 4.0 ne ya kawo faramitocin ganin dama tare da damar kiran faramita da sunanta, kuma sauƙaƙa hulɗa da Office na cikin manyan dalilan. Java har gobe ba shi da su. Abin da ake yi a can shi ne a rubuta metod da yawa masu suna ɗaya, ƙarami ya kira babba yana cike masa abin da ya rage. Da faramitoci biyu na ganin dama abin yana tafiya. Da huɗu, hanyoyin haɗa su sun kai 16, kuma in biyu daga ciki nau'insu ɗaya ne, misali dukansu lambobi, kwamfaila, wato manhajar da ke fassara rubutun zuwa harshen na'ura, ba ta da yadda za ta gane wacce ka bayar, wacce ka bari.

Tarkon da ya fi kama mutane yana Python, kuma ya fi muni a cikin aji.

```python
class Dalibi:
    def __init__(self, suna, darussa=[]):
        self.suna = suna
        self.darussa = darussa

audu = Dalibi("Audu")
binta = Dalibi("Binta")
audu.darussa.append("Lissafi")
print(binta.darussa)    # ['Lissafi']
```

Audu aka yi wa rajistar Lissafi, sai ga shi a takardar Binta. Duk wanda ya karanta `darussa=[]` zai zaci kowane ɗalibi sabon jeri zai samu, amma ba haka Python ke yi ba. A wurinsa `def` umarni ne da ake zartarwa sau ɗaya, lokacin da ake karanta ajin. A daidai wannan lokacin yake ƙera jerin nan fanko, ya liƙa shi a jikin metod ɗin, kuma duk kiran da ya biyo baya ba tare da `darussa` ba wannan jerin guda ake miƙa masa. Mai son gani da ido ya buga `Dalibi.__init__.__defaults__` bayan layukan sama, zai tarar da Lissafi zaune a ciki. Jeri ɗaya ne tal, sunaye uku ke nuna shi.

Abin da ya sa wannan ya fi ɓarna a cikin aji shi ne `self.darussa = darussa`. A fankishan na yau da kullum jerin yana zuwa ya wuce. A nan kuwa kowane ɗalibi ya riƙe shi a matsayin nasa, ga shi kuma dalilin ƙera abubuwa daga aji tun farko shi ne kowa ya riƙe kayansa daban. Sannan ɓarnar ba ta bayyana a gwaji na farko. Wanda ya ƙera ɗalibi ɗaya ya gwada zai ga komai lafiya lau. Sai manhajar ta hau saba, ta kwana ta wuni tana karɓar mutane, sannan bayanan wani su fara ɓullowa a shafin wani.

Akwai ƙanin wannan tarko da ba ya buƙatar jeri: `def rubuta(self, lokaci=datetime.now())`. An lissafa lokacin sau ɗaya, sa'ad da manhajar ta tashi. In sabar ta yi mako biyu ba a kashe ta ba, duk rasit ɗin da aka fitar a makonnin nan ɗauke yake da kwanan wata da minti iri ɗaya. Dalili guda ne kuma ya sa ba za ka iya rubuta `def buga(self, kwafi=self.kwafi)` ba. A lokacin da ake lissafa ƙimar tanadin babu wani `self` tukuna, sai dai ka samu `NameError`.

Sauran harsuna ba su bi Python a nan ba. JavaScript tun bugun 2015, da Ruby, da Kotlin, da C++, duk suna sake lissafa ƙimar tanadi a kowane kira, don haka jerin da ke cikinta sabo ne kullum. A ukun farko har za ka iya jingina ƙimar da abin da ke cikin ajin ko da faramitar da ta gabace ta. A 2021 Chris Angelico ya gabatar da shawara mai lamba PEP 671 don a ƙara wa Python wata alama, `=>`, mai jinkirta lissafin zuwa lokacin kira, amma ba ta shiga harshen ba. Abin da ya shiga shi ne kariya ta gefe. `dataclasses`, da ya zo da Python 3.7 a 2018, yakan ƙi karɓar jeri a matsayin ƙimar tanadi, ya jefo `ValueError`, ya tura ka ga `field(default_factory=list)`. Manhajojin duba rubutu ma suna kama shi, Pylint da lambar W0102, flake8-bugbear da B006. Maganin da kowa ya haddace kuwa shi ne a ajiye `None`, a ƙera jerin a ciki:

```python
def __init__(self, suna, darussa=None):
    self.darussa = [] if darussa is None else list(darussa)
```

Wannan `list(darussa)` na ƙarshe ba ado ba ne. In mai kira ya miƙo nasa jerin ka ajiye shi yadda yake, kun zama ku biyu kuna riƙe da abu ɗaya, ciwon ɗazu ya dawo ta bayan gida.

To amma `None` ɗin nan da aka kawo a matsayin magani shi ne mafarin rikici na biyu, wanda na fi ganin ƙwararru ma suna tuntuɓe da shi. Duk wanda ya saba zama a teburin mai shayi ya san bambancin. Ka zauna ka ce "shayi" kawai, zai sa maka sukari yadda ya saba sa maka. Ka ce "ba sukari", zai bar shi haka. Magana biyu ne daban, kuma mai shayin da ya ɗauke su ɗaya ba zai daɗe da kai ba. Metod da yawa ba su iya wannan bambancin ba.

```python
def lissafa(self, kudi, rangwame=None):
    rangwame = rangwame or self.rangwamen_kullum
    return kudi * (100 - rangwame) / 100
```

A ce rangwamen kullum kashi 5 ne cikin ɗari. Mai kira ya rubuta `rangwame=0` da gangan, don wannan kayan ba a rangwame a kansa. `or` na Python yana ɗaukar sifili a matsayin babu, haka rubutu fanko, haka jeri fanko, haka `False`. Sai ya watsar da sifilin ya sa 5, kayan naira 20,000 a sayar da shi 19,000, kuma babu kuskuren da zai fito a allo. Gyaran kalma biyu ne, `is None`. Masu JavaScript sun shekara suna fama da irin wannan a `x = x || 10`, har bugun 2020 ya kawo `??` wanda ba ya taɓa sifili.

Wannan mai sauƙi ke nan. Mai wuyar shi ne inda `None` kansa amsa ce mai ma'ana. Ɗauki metod na gyara bayanan mutum, `gyara(self, suna=None, waya=None)`. Wani ya zo canza sunansa, bai ambaci waya ba, ya kamata a bar lambarsa. Wani kuma ya zo yana son a goge lambarsa ɗungurungum. Dukansu `waya=None` za su iso cikin metod ɗin. In ka ɗauki `None` a matsayin "bar shi", na biyu ba shi da hanyar gogewa. In ka ɗauke shi a matsayin "goge", na farko ya yi asarar lambarsa don kawai ya gyara harafi ɗaya a sunansa. Mafita ita ce a ƙera wata alama ta musamman da ba mai iya kawo irinta bisa kuskure:

```python
_SHIRU = object()

def gyara(self, suna=_SHIRU, waya=_SHIRU):
    if suna is not _SHIRU:
        self.suna = suna
    if waya is not _SHIRU:
        self.waya = waya
```

Ba dabarar ɗaiɗaikun mutane ba ce. Laburaren Python kansa yana da `_GLOBAL_DEFAULT_TIMEOUT` a cikin `socket`, wanda ba komai ba ne illa `object()` tsura. pandas yana da `no_default`, NumPy yana da `_NoValue`. Na httpx ne ya fi nuna dalilin a fili, domin a aji shawarar hawa-hawa take. Laburaren ya ce daƙiƙa 5. Wanda ya ƙera manzon yana iya cewa `httpx.Client(timeout=30)`. Wanda ya kira `get` kuma yana iya faɗin nasa na wannan kiran kaɗai. In ya yi shiru, 30 ɗin manzon za a bi. In ya ce `timeout=None`, yana nufin a jira ba iyaka. Tunda `None` ya riga ya samu aiki, sai suka ƙera `USE_CLIENT_DEFAULT` ya tsaya a madadin shiru. Mai karanta kan metod ɗin ma zai fahimci inda ƙimar za ta fito ba sai ya buɗe cikinsa ba, abin da `None` ba ya taɓa gaya maka.

JavaScript yana da babu iri biyu tun asali, `undefined` da `null`, kuma ƙimar tanadi tana shiga ne a kan `undefined` kaɗai. A takarda wannan ya raba gardama. A aikace kuwa JSON, tsarin rubutun da sabobi ke aiko bayanai da shi, ba shi da `undefined`, don haka gurbin da saba ta aiko fanko `null` yake zuwa, ya wuce ta gaban ƙimar tanadin ba ta motsa ba, ya je ya fashe a layi na goma.

Duk abin da aka faɗa zuwa nan zai iya samun fankishan da ba ya cikin aji. Gado, inda aji ɗa ke gadar metod daga aji uba, shi ne ke kawo rikicin da aji kaɗai ke da shi, kuma C++ ne ya fi fito da shi ƙarara.

```cpp
struct Rasit {
    virtual void buga(int kwafi = 1);
};
struct RasitinBanki : Rasit {
    void buga(int kwafi = 2) override;
};

Rasit* r = new RasitinBanki;
r->buga();
```

Wane metod aka kira, kuma kwafi nawa? Metod ɗin `RasitinBanki` aka kira, amma da kwafi 1. Gangar jikin ta ɗa ce, ƙimar ta uba. Dalili shi ne abubuwa biyun ba lokaci ɗaya ake yanke su ba. Wane `buga` za a shiga, wannan sai manhajar tana gudu ake dubawa, bisa ainihin abin da `r` ke nunawa. Ƙimar tanadi kuwa kwamfaila ce ke cike ta tun tana fassara rubutun, kuma abin da ta sani a lokacin shi ne an rubuta `Rasit*`. Da an riƙe abin nan da `RasitinBanki*`, kwafi 2 zai fito. C# ma haka yake yi. Masu Kotlin, da bugunsa na 1.0 ya fito a 2016 daga kamfanin JetBrains, sun ga wannan sai suka toshe ƙofar baki ɗaya: metod ɗin da ya maye gurbin na uba ba shi da izinin ajiye tasa ƙimar tanadi, ta uban zai bi. A ganina su ne suka yi daidai. Python yana barin ɗa ya sa tasa, kuma tasa ce ke aiki ko ta ina aka kira shi. Babu ruɗanin C++ a nan, amma wanda ya rubuta `rasit.buga()` yana dogaro da kwafi 1 da ya gani a ajin uba zai wayi gari injin buga takarda yana fitar da biyu, don kawai wani ya miƙo masa wani nau'in rasit.

Suna ma gado ne. Da zarar harshe ya yarda a kira faramita da sunanta, sunan ya zama alkawari. PHP ya shigo da wannan a bugu na 8.0, cikin Nuwamban 2020. In uba ya ce `$kwafi`, ɗa ya ce `$adadi`, PHP ba zai ce komai ba lokacin da ake rubuta ajin. Sai ranar da wani ya kira `buga(kwafi: 3)` a kan ɗan, sannan manhajar ta faɗi da kuskuren cewa ba a san wannan faramita ba. Kafin 2020 canza sunan faramita a PHP gyaran cikin gida ne da ba ya shafar kowa. Yanzu kuwa yana iya karya aikin mutanen da ba ka taɓa gani ba.

Batun kwamfaila mai cike ƙima yana da wani reshe a C# da ya kamata masu rarraba laburare su sani. Tunda a wurin mai kira ake dasa ƙimar, in ka fitar da laburare da `kwafi = 1`, daga baya ka mai da shi 2 ka aika sabon fayil ɗin DLL, wato laburaren da aka fassara, manhajojin da aka riga aka fassara za su ci gaba da aiko 1 har sai an sake fassara su. Lambar tana cikin jikinsu, ba ta wurinka. Kotlin ya bi wata hanya. Yana ƙera wani ɓoyayyen metod mai suna irin `buga$default`, mai kira ya aiko masa da wata lamba da ke nuna guraben da aka tsallake, shi kuma ya cike su daga cikin laburaren. Amma dukansu biyun sun haɗu a wuri guda. Ƙara sabuwar faramitar ganin dama a metod da ya riga ya fita duniya yana kama da abin da ba zai cutar da kowa ba, tunda tsohon rubutu zai fassaru ba gyara. Sai dai manhajar da aka riga aka fassara tana neman metod mai gurbi biyu ne, shi kuwa ya ɓace, mai uku ya maye wurinsa. A C# `MissingMethodException` za a gani, a Kotlin `NoSuchMethodError`.

Sai batun jeri, wato wace ke gaba wace ke baya. Ƙa'idar farko kowa ya yarda da ita: na dole a gaba, na ganin dama a baya. Python da C++ ba sa ma karɓar akasin haka, PHP kuma ya fara gargaɗi a kansa a 8.0. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne faramitar ganin dama gurbi ne a buɗe, kuma abu yana iya faɗawa ciki ba da niyya ba. Misalin da ya shahara a JavaScript:

```javascript
["10", "10", "10"].map(parseInt)   // [10, NaN, 2]
```

`parseInt` yana da faramita ta biyu ta ganin dama, tushen ƙirga. `map` kuwa yana miƙa wa duk wanda ya kira abin da ke jerin tare da lambar matsayinsa. Sai 0, 1, 2 suka zube a gurbin tushe. Sifili ana ɗaukarsa kamar ba a faɗa ba, goma ta fito daidai. Tushe 1 babu shi. A tushe 2 kuma "10" biyu ne. Kowane ɓangare ya yi aikinsa yadda aka rubuta shi.

Ko ba a kai ga wannan ba, kira irin `rahoto.fitar("mayu", True, False, True)` azaba ne ga mai karatu. Kuma ranar da marubucin ajin ya cusa sabuwar faramita a tsakiya, kowane `True` ya gusa gurbi ɗaya, ba tare da wani kuskure ya fito ba tunda duk nau'insu ɗaya. Python 3.0, a 2008, ya kawo maganin da nake ganin ya fi kowanne araha: tauraro guda a kan metod.

```python
def fitar(self, wata, *, da_jimla=True, da_hoto=False):
```

Duk abin da ke bayan tauraron sai an kira shi da suna. Shi ya sa `jeri.sort(reverse=True)` yake aiki amma `jeri.sort(None, True)` ba ya yi. Marubucin ajin ya samu 'yancin ƙara gurbi ko sauya jerinsu, mai karatu kuma ya ga abin da ake nufi. Manyan laburare da suka fara ba tare da tauraron ba sun dawo sun saka shi da wahala. scikit-learn ya fara gargaɗi a bugu na 0.23 cikin 2020, ya tilasta a 1.0 cikin 2021. pandas ya yi wa metod da dama haka a 2.0 cikin 2023. Harafi ɗaya ne in an sa shi ranar farko. In an makara, sai an yi shekara ana jan kunnen dubban mutane kafin a iya sa shi.

Akwai masu cewa a huta da abin gaba ɗaya. Go ba shi da ƙimar tanadi, ba shi da metod masu suna ɗaya, kuma da gangan aka yi haka. Rob Pike, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro harshen, da Dave Cheney sun yaɗa wata dabara a 2014 inda kowane zaɓi ƙaramin fankishan ne da ake miƙa wa mai ƙera abin. Java da Rust sun fi karkata ga magini, inda ake ɗora zaɓuɓɓuka ɗaya bayan ɗaya kafin a ce `build()`, kamar `HttpClient.newBuilder()` da ya zo da Java 11 a 2018. Waɗannan hanyoyi suna da tsafta, amma ba su kawar da shawarar ba, wuri kawai suka sauya mata. Maginin da ba a gaya wa tsawon jira ba dole ya zaɓi wani abu. Game da `Optional` na Java 8, an yi shi ne don abin da metod ke mayarwa. Sa shi a gurbin faramita yana tilasta wa kowane mai kira rubuta `Optional.empty()`, ga shi kuma bai hana wani aiko `null` ba, hali biyu sun koma uku. Shi kuwa `kwargs` na Python, mai haɗiye duk faramitar da aka kira da suna, in ba miƙa kaya kake yi ga wani metod na gaba ba, ɓoye guraben kawai yake yi. Wanda ya rubuta `timeuot=5` bisa kuskure ba mai gaya masa.

Inda nake tsayawa shi ne, faramitar ganin dama ta dace in tana daidaita yadda ake aikin, ba ta dace ba in tana sauya aikin kansa. In `goge(self, har_abada=False)` yana da rassa biyu da ba su haɗa komai ba, metod biyu ne aka cusa a riga ɗaya, gara kowanne ya samu sunansa.

Nauyin shawarar yana fitowa sosai ranar da aka gane ba daidai aka yanke ta ba. A pandas, `Series.str.replace` ya daɗe yana ɗaukar abin da aka ba shi a matsayin tsarin bincike na regex in ba a ce komai ba. A 2.0 aka mai da `regex=False`. Layi irin `s.str.replace(r"\s+", " ")`, da ke matse giɓin da ya yi yawa tsakanin kalmomi, ya daina yin komai. Yana neman waɗannan haruffa uku ne a zahirinsu, bai same su ba, ya mayar da rubutun yadda yake, ba ƙorafi. Don a iya gargaɗin mutane kafin ranar, dole metod ɗin ya san wa ya rubuta `regex=True` da hannunsa, wa kuma ya yi shiru, domin mai shirun kaɗai canjin zai shafa. Metod ɗin da ya ajiye `True` kai tsaye ba zai iya bambance su ba. Ashe alamar shirun nan ita ce kuma hanyar da ake bi a janye tsohuwar shawara.

Labarin `tarfile` ya fi wannan tsawo. Metod ɗin `extractall` na ajin `TarFile` yana kwance ƙunshin fayiloli, kuma tun asali yana amincewa da duk abin da ƙunshin ya ce. In mugu ya sa wa fayil suna mai `../../` a gaba, sai a rubuta shi a wajen jakar da aka nufa, a kan duk abin da ya tarar. An ba wannan rauni lamba tun 2007, CVE-2007-4559, aka ƙara gargaɗi a takardun bayani, aka bar halin yadda yake, saboda akwai masu dogaro da shi ta halal, kamar masu mayar da ajiyar kwamfutarsu. A 2022 masu bincike na kamfanin Trellix suka sake tono shi, suka ƙiyasta cewa ya shafi ayyukan manhaja na buɗaɗɗen tushe sama da 350,000. Gyaran da Petr Viktorin ya tsara a PEP 706 faramitar ganin dama ce, `filter`, mai zaɓi uku: `fully_trusted`, `tar` da `data`. A Python 3.12, cikin Oktoban 2023, wanda ya yi shiru yana samun tsohon hali tare da gargaɗi. Sai a 3.14, cikin Oktoban 2025, shirun ya koma nufin `data`, mai hana fita daga jakar. Shekara 18 ke nan daga ba raunin lamba zuwa sauya abin da mai shiru ke samu, biyu daga ciki an kashe su ne wajen gargaɗi kawai.

Masu PyYAML sun fuskanci irin wannan da `yaml.load`, wanda in ba a faɗi `Loader` ba yake amfani da mai karatun da fayil ɗin mugu zai iya sa shi zartar da umarni a kwamfutarka. Sun fara gargaɗi a bugu na 5.1 cikin 2019. A 6.0, cikin 2021, ba su zaɓi sabuwar ƙimar tanadi ba, cire ta suka yi ɗungurungum, `Loader` ya koma na dole. Duk tsohon rubutun da ke cewa `yaml.load(f)` ya tsaya cik da `TypeError`, mai shi ya koma ya zaɓa da kansa, ko ya kira `safe_load`.